Tambayoyi Ukun Inuwa Maigadi

Inuwa taubashina ne, don haka duk abin da zan faɗa a kansa ina da lasisinsa tun daga kakanni. Uwata Zuliha goggonsa ce, ita ta riƙe shi bayan rasuwar mahaifiyarsa, muka tashi gida ɗaya a Gafasa. Ni na zama tela a kasuwar Ajingi, shi ya zama maigadi. Kuma idan na ce maigadi, ba irin waɗanda rashin aiki ya jefa bakin ƙofa nake nufi ba. Inuwa son gadi yake yi kamar yadda wani ke son sarauta.

Shekara goma sha bakwai ya yi a ƙofar siton gyaɗar Alhaji Datti. Kayan aikinsa gora, usur, da wani benci mai ƙafa uku da rabi. Babban makaminsa kuwa tambayoyi uku ne da yake yi wa duk wanda ya doso ƙofar: "Kai wane ne? Wa ya aiko ka? Saurin me kake yi?" Ya yi wa direbobi, ya yi wa 'ya'yan Alhajin na cikinsa, ya yi mini ni da aka yi mana kaciya rana ɗaya. 'Yan dako sun rantse ya taɓa yi wa wani jaki da ya ɓato hanya, har ya tsaya jiran amsa. A duk shekarun nan ko kwano ɗaya na gyaɗa bai ɓata ba, kuma a Ajingi ba mai kiransa Inuwa kawai, sai an haɗa da Maigadi.

Wata Talata da hantsi Alhaji yana zaune cikin sito aka kira shi a waya. Mai kiran ya ce daga banki ne, za a rufe asusunsa nan da minti goma idan bai karanto wasu lambobi da aka turo masa ba. Alhaji ya karanto. Kafin azahar kuɗin gyaɗar shekara sun yi fiffike. Ya fito ba hula yana ihun an yi masa sata. Inuwa ya busa usur, ya garƙame ƙofa, ya laluba aljihun 'yan dako, ya zagaya gini yana neman sawu, har kan rufi ya hau. Ya sauko yana haki.

"Alhaji, ta ina ya shigo?"

Alhaji ya miƙo waya ya ce, "Ta nan!"

Inuwa ya karɓa, ya juya ta, ya kanne ido ɗaya ya leƙa ramin caji. Ya ce, "Nan ai ko kiyashi sai ya yi dabara."

Zomo ba ya fushi da makashinsa sai maratayinsa. Alhaji ya ce an kwashe shi da rana tsaka maigadi yana zaune a ƙofa, to amfanin me gadin yake da shi? A ranar ya sallame shi. Inuwa ya ɗauki gorarsa ya koma Gafasa. Ba albashin ne ya fi cin ransa ba. Cikin mako biyu mutane suka fara kiransa Inuwa kawai, yana waiwayawa a hankali kamar da wani ake.

A shagona ya ji tallar a rediyo. Wata makaranta a Kano za ta ba da horon mako goma sha biyu, wai saiba sikiriti butkam, a koyi kama ɓarayin waya da na kwamfuta. Inuwa ya tsinci kalma uku a ciki: sikiriti, wato aikinsa, but, wato takalmin soja, kam, wato sansani. Ya buga cinya ya ce ashe har da makarantarsu. Ni na ɗan yi zargin ba haka abin yake ba, amma wane taubashi ne zai ga irin wannan garaɓasa ya yi magana? Ni na ɗinka masa kaki da hannuna, har da aljihun usur. Allah ya yafe mini.

Ya sayar da sa ɗaya cikin shanun huɗarsa biyu, ya bar ɗayan yana kallon garma. Ya je kasuwar Gaya ya sayo but na gwanjo. Kullum da safe ya dinga gudu daga Gafasa zuwa bakin titi don kada matasa su kunyata shi a fareti. Goggonsa, wato uwata, ta tambaye shi wa ya biyo shi, ya ce shiri yake yi. Ranar tafiya ya shiga motar Kano da kaki, da but, da gora, yana da shekara arba'in da uku.

Sansanin ɗaki ne a saman bene, da fanka, da kwamfutoci, da samari da 'yan mata masu tabarau. Kwamandan kuwa wata budurwa ce, Malama Afra'u, wadda a haife ya haife ta. Ta dubi but ɗin, ta dubi gorar, ta tambaye shi ko sabon maigadin ginin ne. Ya ce a'a, ɗalibi ne, amma ya gode da ta gane. Ya so ya juyo gida, sai ya tuna ya riga ya sayar da san ya biya kuɗin makaranta.

Gemu ba ya hana ilimi, haka ake cewa, amma yana ɗan tare hanya. Bokon Inuwa a aji uku na sakandare ya tsaya. Da aka ce kowace kwamfuta tana buƙatar katangar wuta, ya ɗaga hannu ya tambayi wa ke iza mata itace. Da aka ce ƙwayar cuta ta shiga tasa, ya matsar da kujerarsa baya. Kalmar sirrin da ya zaɓa kuwa ta yi sirri har shi ma ta ɓoye masa, sau tara ana sake masa wata. A kujerar bakin ƙofa yake zama, duk wanda ya makara sai ya amsa tambayoyi kafin ya shiga. Har mai makarantar ya taɓa tsarewa.

Sai a mako na goma sha ɗaya Allah ya kawo ranarsa. Malama Afra'u ta zo darasin damfara ta waya. Ta ce yawancin ɓarayin nan ba na'ura suke fasawa ba, mutum suke fasawa. Duk wanda ya kira ka, ka tabbatar ko wane ne, ka tabbatar daga inda ya ce yake, kuma da ka ji yana gaggauta ka to ka tsaya. Inuwa ya miƙe tsaye.

"Malama, a ina kika samo wannan?"

"A littafi yake, Baba."

"Wa ya ba su? Wallahi nawa ne. Shekara goma sha bakwai ina yin sa a Ajingi."

A wannan jarrabawar ya zo na ɗaya, a sauran kuwa Allah dai ya rufa asiri. Ya dawo da takardar shaida mai zanen kwaɗon kulle ƙofa a jiki, ya sa aka lulluɓe ta da leda.

Aiki fa? Duk inda ya kai takardar sai a nemi digiri, ko a ce ana son wanda ya yi shekara biyar yana aikin da yake nema a ba shi ya fara. Ya kai wa Alhaji Datti. Alhaji ya duba gaba, ya duba baya, ya ce, "To ina ɓarawon?" Inuwa ya naɗe takardarsa ya fito.

Nan ne ya tuna wani abu da Malama ta ce: manyan kamfanoni har biyan mutum suke yi ya gwada yi musu sata, don su ga inda katangarsu ta tsage. Inuwa ya yanke shawarar yi wa jama'arsa wannan hidima kyauta, ba tare da sun nema ba. Ya sayi sabon layi, ya toshe hanci da yatsu biyu, ya fara da ni.

Ina tsaka da ɗinkin sallah aka ce daga banki ne. Ba zan ɓoye ba, na karanto lambar katina, na karanto ta sirri, har na tambaya ko suna son ta matata. Bayan rabin sa'a sai ga Inuwa a kan keke. Ya tsaya gaban masu jiran ɗinki ya ce, "Ja'afar, an sace ka." Ya zaro alli ya zana gicciye a ƙofar shagona irin yadda masu allurar rigakafi ke yi, ya hau kekensa ya tafi. Haushin da na ji ranar har yau bai gama sauka ba.

Ya bi Gafasa gida gida. Mai shayi ya faɗi, ungozoma ta faɗi, ladan ya faɗi sau biyu. Mai unguwa ya faɗi har yana yi wa mai kiran addu'ar gamawa da duniya lafiya. Ko kwabo Inuwa bai taɓa ba, zuwa kawai yake yi ya sanar da mutum an sace shi, ya koya masa tambayoyi uku, ya zana alli. Amma wa ke son a nuna masa wautarsa a ƙofar gidansa? Goggonsa ma bai ƙyale ta ba. Sau uku yana kiranta tana ba shi lambobin. A na uku ta ce, "Inuwa, tun na farko na gane muryarka. Ba ka nake yi don kada a ce karatun naka bai yi amfani ba." Duk da haka ya je ya zana mata allin. Ta ce kada ƙafarsa ta ƙara taka zaurenta.

Sunansa ya koma Inuwa Ɗan Damfara. Mutumin da ya yi kusan rabin rayuwarsa yana tsare kayan mutane, yanzu in ya shigo masallaci sai a dafe aljihu. Aka kai ƙara. Mai unguwa ya tara mutane, ya karɓe wayar Inuwa ya jefa a aljihun babbar rigarsa, ya ce in aka ƙara jin ya kira wani, hukuma za ta ji. Na ga Inuwa ranar yana tura kekensa shi kaɗai, bai ko hau ba. Ban tsokane shi ba, kuma wannan ne karo na farko a rayuwata.

Bayan mako uku, kaka ta yi, kowa ya sayar da gyaɗa, sai wayoyin gari suka fara ruri tun da safe. Daga banki ne, za a rufe asusu nan da minti goma. Mai shayi ya ce, "Inuwa, Allah ya isa," ya kashe. Ungozoma ta ce ita ta yanke masa cibiya, ya ji kunya. Ni na ce ya zo ya goge allinsa tukuna. Goggo kuwa ta riƙe mai kiran kusan rabin sa'a. Ta tuna masa kashin da ta wanke masa, ta tuna masa san da ya sayar ya sayo takalmi, ta ce ubansa mutumin kirki ne bai haifi mai toshe hanci ba. Da ya ce, "Hajiya, lokaci yana ƙurewa," ta ce, "Saurin me kake yi? Wa ya aiko ka?" Shi ya gaji ya kashe.

Da la'asar rabin gari ya taru ƙofar mai unguwa, an taso Inuwa daga gona da fartanya a kafaɗa. Mai unguwa ya fi kowa zafi, don shi ma an kira shi. Ya ce, "Ban hana ka ba?"

Inuwa ya ce, "Ranka ya daɗe, da wace wayar?"

Mai unguwa ya sa hannu a aljihu. Ya zaro ta a mace, mako uku ba caji. Sai aka ji muryar Goggo daga bayan mata tana cewa, "To ni wa na zaga?"

Duk wanda ke da alli a ƙofarsa ya tsira. Mutum ɗaya aka samu a ranar, can Ajingi, kuma cikin mutanenmu shi ne kaɗai mai asusu da Inuwa bai taɓa gwadawa ba: Alhaji Datti. Da labarin ya iso ana tsaka da ba Inuwa haƙuri, sai ya zauna a ƙasa ya rufe fuska da hularsa. Ƙofar da ya je Kano dominta, ita ce aka sake shiga.

Washegari Alhaji ya zo Gafasa da kansa, ya zauna a tabarmar Inuwa. Ina wurin.

"Ka kira ladan, ka kira mai unguwa, ka kira matar da ta raine ka. Ni me ya sa ba ka kira ni ba?"

Inuwa ya sunkuyar da kai ya ce, "Kunyarka na ji, Alhaji."

"Kunyarka ta cinye mini gyaɗar bana." Sai Alhaji ya ciro wayarsa ya ajiye a gaban Inuwa. "Ga ƙofar. Ka fito gobe, Maigadi."

 Inuwa ya sa hannu biyu ya ɗauki wayar, ni kuma na juya ina kallon san nan guda da ke ɗaure.

Yanzu in ka je siton za ka same shi a kan bencinsa mai ƙafa uku da rabi, da kakin da na ɗinka, da but, gora a jingine, wayar Alhaji a aljihun usur. Albashin bai ƙaru ba. Samari masu son tafiya irin wannan horo sukan zo su tambaye shi ko abin ya biya. Yakan ce su je in suna da boko mai ƙwari, kada su sa ran aiki yana jiran su a tasha, kuma ba a buƙatar takalmi. Ni nakan ce ya ba da sa guda an sayar masa da tambayoyinsa. Shi yakan ce da bai je ba, da bai san ta waya ma ana yin su ba.

Shekaranjiya Goggo ta kira Alhaji kan gyaɗar iri. Inuwa ya ɗauka, ya tambaye ta ita wace ce, wa ya aiko ta, saurin me take yi. Ta amsa duka ukun ɗaya bayan ɗaya, ba ta tsallake ko guda ba. Sannan ta ce in ya tashi daga aiki ya biyo ta gida, ta ajiye masa tuwo.