Yaya Maijidda, Wadda Ta Koya Mana Lallashin Zuciya

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 12 ga Agusta, 2025, ina tsakar gida ina ɓare masara aka kira ni daga Kafur, aka ce Yaya Maijidda mai ƙuli-ƙuli ta rasu. Ta je duba wata mai jego a ƙauye, a hanyar dawowa ta zauna gindin ɗorawa ta ce bari ta huta. Hutun ke nan.

Yaya, ba uwa ɗaya ta haife mu ba, ciwo ne ya haɗa mu. An kwantar da ni a asibiti a Malumfashi bayan haihuwar fari, ƙafafu sun kumbura, numfashi sai a zaune. Likita ya ce zuciyata ce ta gaza. Ke kuwa kin daɗe da ratsa wannan hanya, tun haihuwar 'yarki Mansura. Kin zo ganin likita, kika ji kukana, kika zauna bakin gadona. Kika danna idon sawuna da babban yatsa, wurin ya lotsa ya ƙi tasowa. Kika ce, "Ummukulsum, sallama daga asibiti ba ita ce warkewa ba. A gida ake aikin."

Ranar da aka sallame ni kika biyo ni har Bakori. Surukata ta riga ta dama kunun kanwa, ta hura wuta ƙarƙashin gado. Kika durƙusa kika gaishe ta, kika ce, "Inna, ni ma da kunun nan da wutar nan aka yi mini jego, su suka kusa kai ni kabari. Ki ba ni aron 'yar nan." Sai ta sa aka kwashe garwashin.

Ke kika hana ni gishiri da dunƙule sai kaɗan. Ke kika ce kada in bar magani don na ji sauƙi, wai sauƙin nan mayaudari ne. Lokacin da nake tsoron ko taka ƙofar gida, ke kika fito da ni muka riƙa tafiya a gefen gonaki. Kina ce mini, "Yi ta ba ni labari. In numfashi ya hana ki magana, kin yi sauri." Mata da yawa tsakanin Kafur da Funtua haka kika yi musu, da kuɗin motarki.

Tun da kika tafi ban daina fita ba, amma sai in tsinci kaina ina magana ni kaɗai, ina rage sauri don ki cim mini. Iska ta kaɗa ganyen dawa, in waiwaya. In na danna ƙafata da safe, yatsanki nake ji. Kuma tsoro ya zauna mini a ƙirji: ke da ba ki taɓa saɓa ƙa'ida ba kin tafi, ina ga ni?

Na faɗa wa Sista Liatu, ma'aikaciyar jinyar da ke duba mu. Ta share hawaye ta ce, "Lokacin da aka fara kawo ta, ba mu zaci za ta yaye Mansura ba. Ga shi ita ta kai ta ɗakin miji. Kada ki ce bin ƙa'idar bai yi amfani ba."

Allah Ya gafarta miki, Yaya. Ya yalwata kabarinki kamar yadda kika yalwata mana numfashi, Ya sa kowane taku da kika yi saboda mu ya zama haske gare ki. Ina miƙa ta'aziyya ga maigidanki Malam Ubaidullahi, da Mansura, da dukan dangi a Kafur. Allah Ya ba mu haƙurin rashinki.

Jibi ranar ganin likitanmu ce. Zan je, Yaya. Ban dai san inda zan sa idona ba idan wata ta zauna kusa da ni a kan bencin jira, a inda kika saba zama.