Wankan Jego a Rabat

Mahaifiyata Rahmatu, wadda duk Auyo ke kira Iya Mai Banda, tana da 'ya'ya shida a lissafin mutane, biyar a nata lissafin. Wadda take tsallakewa ita ce ta farko, Yaya Mardiyya, jami'a a Ma'aikatar Harkokin Waje. Iya ba ta taɓa kama sunanta ba. In ta kama dole sai ta ce "'yar Haɗeja", tana nuna hanyar garin da haɓa. Haka ta ga uwarta na kunyar ɗan fari, haka ita ma ta yi, har ta fi uwar tata tsanani.

Ana yaye Yaya, Goggo Zara, ƙanwar babanmu, ta zo daga Haɗeja ta goye ta ta tafi da ita riƙo. Goggo ba ta taɓa haihuwa ba. Mijinta Malam Kolo malamin makaranta ne, gidansu akwai lantarki da littattafai. An ce ranar Iya ko rakiya ba ta fito ba, tana can kurya tana juya tarwaɗa a kan wayar banda, in ta share ido ta ce hayaƙi ne. Mata suka yi ta yabon kawaicinta, ita kuwa ta riƙe wannan yabo ya zame mata jari.

Iya 'yar masunta ce, kuma da bandar kifi ta raine mu bayan rasuwar Baba. In damina ta yi nisa ruwa ya shanye hanya, a kwalekwale take kai kaya bakin titi, ta dawo ta tarar da mu a kan gado ƙafafu a naɗe saboda ruwa ya shigo ɗaki. Amma abin da ta fi alfahari da shi ba kifin ba ne, wankan jego ne. A unguwarmu da wuya ka sami matar da ta haihu ba hannun Iya ne ya yi mata wanka ba. Ta san zafin da ya kamata ruwa ya kai, ta san wadda ke kukan gaske da wadda ke kukan raki, kuma duk ba ta ɗaga wa kowa ƙafa. Ni Adila, autarta, sau uku ina shiga hannunta, har yau in na ga tukunya na tafasa da ganyen darbejiya sai bayana ya amsa.

Yaya kuwa tana can tana hawan tsaninta. Ta karanta Faransanci a jami'a, ta yi bautar ƙasa, ta zauna jarrabawar shiga ma'aikatar ba ta samu ba, ta sake zama ta samu. Aka tura su horo Legas, inda ta ce har yadda ake riƙe cokali da inda ake zaunar da baƙo aka koya musu. Daga nan ta yi shekaru a Abuja tana rubuta jawabin da wani zai karanta a tafa masa, tana tsayuwa a filin jirgi tana jiran baƙin da ba za su tuna fuskarta ba. Sai da ta kusa fid da rai sannan sunanta ya fito a cikin waɗanda za a tura waje. Aka kai ta ofishin jakadancinmu na Yawunde, teburin 'yan ƙasa, tana bin gidajen yari da asibitoci tana neman mutanenmu da suka maƙale ba takarda. Mutanen Auyo ba su jira gwamnati ba, tun a lokacin suka naɗa ta ambasada.

Matsalar ita ce duk matakin da Yaya ta taka, gidan Goggo ake zuwa barka. A falon Goggo aka rataye hotonta tsaye kusa da tuta. Goggo ake kira uwar ambasada a wurin biki, ita ake ba kujera mai hannu. Iya sai ta zauna can gefe a tabarma, ta dawo gida ta ce, "Zara dai ta yi ƙiba. Dama wanda bai yi naƙuda ba ai jikinsa ba ya tsufa." In Yaya ta aiko da atamfa, iri ɗaya take saya musu don kada a ce. Iya ta rabar da tata ga maƙwabta saboda kunya, sannan ta aike ni Haɗeja in dubo ko ta Zara ta fi kauri.

Ni ma ba zan ce zuciyata fara tas take ba. Ni ce ke ɗaukar Iya a babur ɗin mijina zuwa asibiti in ƙafarta ta motsa, ni ce ke taya ta fasa kifi har hannuna ya yi kanta. Amma da an ambaci Kamaru a labaran duniya sai ta daka mana tsawa mu yi shiru, wai tana son jin farashin kifi a can. Matar da ba ta taɓa wuce Kano ba ta haddace manyan biranen Afirka tas. Ni da nake gabanta kullum, ban taɓa ganin ta kasa kunne haka don jin labarina ba, kuma abin yana ci mini rai.

Bayan Yawunde Yaya ta dawo Abuja, ta sami ƙarin girma, aka tura ta Rabat ta ƙasar Maroko tare da mijinta Abdulfattah. A can ne, bayan dogon jira da surutun dangin miji, Allah ya ba ta ciki. Ta ce ba za ta dawo gida haihuwa ba, domin hutunta kaɗan ne kuma akwai babban taro da ke tafe wanda ba ta son a ba wani teburinta. Mutum ɗaya za ta nema wa biza ya je ya zauna da ita har arba'in.

Ranar da Iya ta ji, na ga tafiyarta ta canja. A ganinta wannan karon ba gardama. Makaranta ta Zara ce, hoto na Zara ne, amma jego ai sai wadda ta san shi, kuma Zara ko jinjirin kwana ɗaya ba ta taɓa wankewa ba. Iya ta shiga shanya ganye a bayan ɗaki. Ta daka yajin jego da hannunta, ta zaɓi kanwa mai kyau, ta ware manyan tarwaɗa ta yi bandarsu a hankali ba na sayarwa ba. Wata safiya ta ce in kai ta Dutse a yi mata fasfo.

"Iya, ina za ki?" na tambaye ta.

"Umara. Ko ni ba Musulma ba ce?"

Na ce Allah ya nufa. A hanyar dawowa ta tambaye ni, kamar da wasa, ko a gidajen sama na ƙasashen waje ana barin mutum ya hura icce.

Wata Juma'a Goggo ta aiko mu zo Haɗeja, wai Yaya za ta kira ta bidiyo tana son kowa ya hallara. Muka tarar da falon cike: Malam Kolo, surukar Yaya da ƙannen mijinta, da wasu maƙwabta da suka ji ƙamshin labari. Iya ta zauna bakin ƙofa ta juya wa wayar gefen fuska. Yaya ta bayyana, ta yi nauyi, ta gaida kowa ɗaya bayan ɗaya yadda aikinta ya koya mata. Sannan ta ce a miƙa wa Iya.

"Iya, na yi magana da Goggo ta amince," in ji ta. "Ke nake so ki zo ki yi mini wanka. Na so in faɗa a gaban kowa ne don a shaida."

Duk ido ya koma kan Iya.  Da a ce Yaya ta aiko wata dattijuwa ta same ta a ɗaki, Iya ta ƙi, a koma, ta sake ƙi, a haɗa ta da Allah, da tuni ta ɗaure kayanta. Amma a gaban surukai, 'yar fari ta dube ta ido da ido ta roƙe ta, Iya ba ta da amsar da ta wuce wadda ta saba bayarwa tun tana amarya.

"Ni ina ruwana da 'yar mutane?" ta ce, tana kallon bango. "Ga uwarta nan zaune."

Matan falon suka yi dariya, surukar ta ce kawaici dai sai mutanen da. Iya ta gyara zama tana jiran a sake roƙo. Murmushin Yaya bai gushe ba, irin murmushin da suke yi a wurin aiki in an ƙi abin da suka nema. Sai ta ce, "To Iya, na gode. Goggo, gobe ki turo mini hoton fasfonki, lokaci ya ƙure." Shi ke nan, aka koma hirar jirgi da sanyi.

A hanyar komawa, muna wuce gada Iya ta fara. Ta ce, "Kin ga Zara? Ko ta ce a'a Rahmatu, ke za ki. Bakinta har kunne." Na ce ai ke kika ce ba ruwanki. Ta ce in ban rufe mata baki ba za ta sauka ta ƙarasa da ƙafa.

Abin da ya fi ƙona mata rai ya zo bayan mako guda. Goggo ta zo Auyo da kanta, ta durƙusa, ta ce, "Yaya Rahmatu, ki koya mini. Ban san ta inda ake farawa ba, tsoro nake ji." Iya ta ɗora tukunya, ta koya mata, tana yi tana faɗa kamar da yarinya take magana. Ta nuna mata yadda ake kama ganye, yadda ake gwada zafi da bayan hannu, yadda ake tallafe wuyan jinjiri. Goggo ta sha faɗan ta ci gaba da koyo. Da za ta tafi, Iya ta shiga ɗaki ta fito da ƙullin ganye da yaji da kanwa da kifin nan, ta dire a gabanta ta ce wasu tarkace ne da suka tsare mata wuri.

Goggo ta isa Rabat, Yaya ta haifi namiji. Kwana biyu da haihuwar na kira ta barka, muna cikin hira sai ta sako maganar Iya.

"Adila, na roƙe ta a gaban mutane don kada ta ce ban girmama ta ba," ta ce. "Na san kunya ce, tun ina yarinya ake ce mini kunya ce. Amma ko sau ɗaya a rayuwata ina so in ji ta ce tana so. Ban iya sake tambaya ba, don in ta ƙara cewa 'yar mutane ba zan ɗauka ba."

Na je na sami Iya a bakin murhun banda da hantsi, na faɗa mata duk yadda muka yi, ban rage ba. Ta daina juya kifin. 

"Iya, arba'in da saura," na ce. "Fasfonki na nan. Ki faɗa mata da bakinki, ita ta san yadda za ta yi."

Sai na danna kiran na sa mata wayar a hannu. Babu kowa a gidan sai mu biyu. Na ji Yaya ta ɗauka, ta ce, "Iya? Iya ce?" Can bayanta jinjirin na kuka, Goggo na rarrashinsa da waƙa. Iya ta kasa kunne. Ta saurari kukan da waƙar har na ɗauka ta manta da wayar a kunnenta.

Sannan ta ce, "Ki gaya wa uwar taki kada ta bar ruwan ya huce."

Ta miƙo mini wayar tun Yaya ba ta amsa ba, ta juya ta ci gaba da aikinta, kifin da ke kan wayar banda kuwa ya riga ya ƙone.