Indararon Gabas

Shekarar da ake ginin ganuwar Birni ce. Soronmu guda ne tak, indararo biyu gare shi, na giginya, dogaye, bakinsu ko hannun yaro ba ya shiga. Kafin damina sai an hau an zura musu gora mai tsumma a kai, ana murzawa ana fitar da gidan zanzaro da sheƙar gwara. In ba a yi ba, ruwa ya kwanta a kan rufi ya ci azara.

Al'adarmu, namiji ba ya hawa soro sai ya aika wa maƙwabta, matansu su shige ɗaka. Na yamma suka ce bismilla, na share nasu ɓangaren. Maƙwabcinmu na gabas kuwa, wani Babarbare ɗan fatauci, ya tafi Kukawa ya bar wa ƙanensa gida. Na je har zaure na roƙe shi.

"Yaya ya ce kada namiji ya leƙa gidan nan sai ya dawo."

"Malam, hadari zai jira yayanka ne?"

Ya ci gaba da cin goronsa. Wallahi har yau in na tuna fuskar mutumin nan raina ɓaci yake.

Ruwan farko da hantsi ya zo, mai ƙarfi. Indararon yamma na zuba, na gabas ko ɗigo. Rufi ya fara yoyo daidai kan gadon matata, tana jego. Na ɗauko tsani, mahaifiyata ta riƙe mini riga.

"In ka hau, gobe a gaban alƙali za ka wuni. Ni mace ce, wa zai kai ƙarata?"

"Inna, ƙafarki fa."

"Kai dai fitar da mai jego zaure, ka riƙe mini tsani."

Na fitar da ita da jaririn. Ta ɗaure zane a ƙugu ta hau da gorar, tsohuwar da ko rijiya ta daina zuwa. Ina jin ta tana zungura tana tsine wa zanzaro. Can indararon ya yi aman laka, ruwa ya ɓalle a tsakar gidan Babarbaren, matansa suna ta kwashe tukwane.

"Ya buɗe," in ji ta.

Amma ƙasar rufin ta riga ta sha ruwa. Azara ta karye a ƙarƙashinta, rufin ya tafi da ita ciki, ni kuwa ina ƙasa riƙe da tsani. Da hannu muka tone ta, muka binne ta bayan la'asar.