Sauron da na jefi yayana da shi

Karatuna bai yi nisa ba. Izu goma na yi a allo na koma gona. Amma Allah ya ba ni riƙe labari, musamman na yadda manyan mutanen dā suka mutu: sarkin da teku ta haɗiye da rundunarsa, da mai dukiyar da ƙasa ta tsage ta shanye shi. Wanda na fi so shi ne na sarkin da ya ce shi ke rayawa shi ke kashewa, sai sauro guda ya shige masa hanci ya tare a ƙwaƙwalwarsa. Ba ya samun sauƙi sai bayinsa sun yi ta dukan kansa da takalmi, har kan ya fashe. Idan ina ba da shi a gindin durumi bayan la'asar, har kukan sauron nake kwaikwaya.

Shekarar da ruwan sama ya ɗauke alhali gero na cikin bununi, a ƙauyenmu na gabas da Ɗambatta dusa muke ci da tafasa. Yayana, uwa ɗaya uba ɗaya, yana da rumbu guda da ya liƙe da laka. Na je na gaya masa kwana biyu ba a ɗora tukunya a gidana ba. Ya auno mini dawa kwano biyu daga ɗakinsa.

"Rumbun nan cire shi daga ranka," in ji shi. "Iri ne. Na gonarka ma yana ciki."

"Iri, Yaya? In mun mutu wa zai shuka?"

"In mun cinye, waɗanda suka rage su shuka me? Yashi?"

Na san gaskiya ya faɗa. Duk da haka washegari, yana zaune cikin mutane, na ɗauko labarin sarkin nan. Da na zo tsakiya sai na ƙara abin da ba ya ciki. Na ce, "An ce shi ma rumbunansa da laka ya liƙe su."

Aka tuntsire da dariya. Wani dattijo ya ce, "Malam, anya sarkin nan ba ɗan unguwarmu ba ne?" Yayana ya saka takalmansa ya tafi.

Da bazara sanƙarau ya shigo gari, ya kama shi. Wuyansa ya sandare, ciwon kai ya sa yana buga goshi da bango. Nan da nan magana ta zaga cewa sauron ya shiga. Masu zuwa dubiya suka ja baya, wai kada su tsaya kusa da wanda Allah ya kama. A gabana wani ya ce a taimaka a kai masa takalmi. Kwana uku ban taka gidansa ba.

A na huɗu matarsa ta tsaya a bakin zaurena ta ce, "Malam, za ka zo ka ga ɗan'uwanka, ko sai an turo maka jaki?"

Na same shi kwance a tabarma, idanunsa a buɗe. Na durƙusa na ce, "Yaya, ni ne. Ka yafe mini." Ya laluba ya kamo hannuna ya ɗora a kansa.

"Danna mini, bawan Allah," ya ce. "Danna da ƙarfi."

Bai gane ni ba. Na yi ta danna masa har aka kira azahar, ya cika.

A wajen jana'iza liman ya roƙi duk wanda mamacin ya saɓa wa ya yafe masa. Jama'a suka ce sun yafe. Ni ma na buɗe baki na ce na yafe, ba kunya.

Yau na haura saba'in. Na daina ba da labarin sarakuna, na yi istigfari iya yina. Amma duk malamin da na tambaya amsarsa ɗaya ce: haƙƙin mutum sai mai shi ya yafe. Ni kuwa sau ɗaya na roƙa, kuma wanda na roƙa bai san wa ke magana ba.