Zani ko Ɗankwali

Shekarun baya, ina ajin ƙarshe a jami'a, na shiga ƙungiyar masu tuƙa ƙananan jiragen ruwa, irin waɗanda iska ke turawa. Mahaifiyata ba ta so ba. Sharaɗi ɗaya ta kafa: sai ta shiga ta gani da idonta, in hankalinta bai kwanta ba in haƙura.

Ranar hutunta daga aikin filin jirgi muka fita gaɓar ruwan da ake kira Jamaica, nan kusa da wurin aikinta. Jirgin ƙyalle biyu gare shi na kama iska, babba a baya, ƙarami a gaba. Na fara jero mata sunayensu da Turanci yadda na haddace, ta katse ni.

"Kai wannan, bar wahalar da bakinka. Ga zani, ga ɗankwali."

Ni ne ɗan fari, ba ta taɓa kiran sunana ba.

Muna hanyar dawowa iska ta ƙarfafa daga bayanmu, jirgi ya fara tangaɗi. Dole in sauke ƙyalle ɗaya. Littafi uku na karanta a kan haka, har da jan layi, amma a lokacin kaina fayau. Na miƙa hannu ga igiyar ƙaramin, don shi ya fi sauƙi.

Ta riƙe gefen jirgi gam, tana salati ƙasa-ƙasa. Ba ta iya iyo ba.

"Wanne za ka sauke?"

"Ɗankwalin, Umma."

"Ikon Allah! Wace mace ka taɓa gani iska ta taso ta kama ɗankwali ta bar zani?"

Sai karatun ya dawo mini. Na juya kan jirgi ya fuskanci iska, na sauke babban na ɗaure, ƙaramin ya ja mu a hankali har bakin gaɓa.

Muka hau bas zuwa gida, ban san hukuncin da ta yanke ba. Sai da muka kusa sauka ta ce, tana kallon taga, "Mako mai zuwa ka tafi da rigar sanyi."

Tun daga ranar na daina zaɓar abu don kawai ya fi sauƙin kamawa. Yanzu ni ke koya wa sababbi. Iska na tasowa nakan ce "zani!" kafin in tuna ba Hausawa ba ne. Da yawansu sun ɗauka sunan ƙyallen ke nan, ban kuma gyara musu ba.