Kitson Ranar Talata

Ina tsaka da tsince shinkafa na ji ƙarar jan kujera a kan tayil, daidai bakin ƙofarmu. A hawa na uku muke a unguwar International City, nan ƙasar Larabawa, kuma ba wanda ke zama a barandar, wucewa kawai ake yi. Da na leƙa sai ga wata mata sanye da rigar kamfanin goge-goge, ta zaunar da 'yar maƙwabcinmu tsakanin ƙafafunta tana tsefe mata kai.

Yarinyar na san ta. Shekararta biyar, tana zaune da babanta, ɗan Kaduna mai aikin ofis a Deira. Matar ce ban taɓa gani ba.

"Baiwar Allah, kitso a kan hanya?"

"Hajiya, 'yata ce. Amma ba aure tsakanina da shi, ba na shiga ɗakinsa."

Na ce su shigo. Tun daga nan falona ya zama wurinsu duk Talata, ranar hutunta.

'Yar Kumasi ce. A masaukin ma'aikata na Muhaisnah take kwana, su takwas a ɗaki kan gadaje masu hawa biyu, ba a yarda yaro ya shiga ba. Fasfo da bizar yarinyar suna hannun uban. Ba su je kotu ba, ba su rubuta komai ba. Abin da ya ce kawai shi ne ta riƙa zuwa duk sanda kitso ya tsufa. Maigidana ya ba ta shawarar ta nemi takardar kotu kan riƙon yarinyar, ta ce, "Alhaji, in sun tambaye ni inda zan kwantar da ita, in nuna musu gadon sama?"

Na lura kitsonta sako-sako ne, kwana biyar ya tashi. Wata rana na tsokane ta na ce ko hannun ne ba ƙarfi. Ta yi dariya har da riƙe ciki.

"A Zongon Kumasi amare nake wa kitso fa. In na matse shi, khalas, shi ke nan, sai bayan wata zan gan ta."

Sai aka mayar da ita wani otal mai nisa na sati uku. Wata safiya uban ya ƙwanƙwasa, yarinyar na bayansa, kai duk a cukurkuɗe, wai malamarsu ta yi magana. Tausayi ya kama ni, na zaunar da ita. Ni kuwa hannuna kitso ɗaya ya iya, ƙanana a matse, yadda mahaifiyata ta koya min. Sai da na kai rabi maganar matar ta faɗo min. Na dubi kan, na ga ba zan tura ta makaranta haka ba, na ƙarasa.

Sati biyar kitson ya yi bai motsa ba. Uban ya aika wa matar saƙo cewa ta huta da wahalar bas. Na same shi da maganar, ya sunkuyar da kai cikin ladabi.

"Hajiya, ni ban hana kowa ba. Abin da ke kawo ta ne ya ƙare."

Na ce ba zan sake taɓa kan ba. Bai yi musu ba, ya kai ta salun ɗin ƙasan bene, aka yi mata na ƙari mai wata biyu.

Sau biyu uwar ta zo ta tarar da ƙofarsu a rufe. Ta zauna a falona da matsefi a cinya har la'asar, ba ta taɓa ce min ni na jawo ba. Zuwanta na ƙarshe ta ce kamfani ba zai sabunta mata biza ba. Ina ta istigfari, ban san wa zan roƙa yafiya ba.

Bayan kwana biyu na haɗu da yarinyar a bakin lif, babanta na waya. Ta ja mayafina ta nuna min jelar kitso ɗaya a bayan kunnenta, ta rage murya.

"Anti, kullum ina jan wannan a aji. Ki gaya wa Mma ta jira, saura kaɗan ya kwance."