Na Killace Karena a Filin da Ciyawa Ta Ƙi

Edita, Allah ya ƙara maka lafiya. Ina roƙon ɗan fili in sauke wani abu da ya daɗe a ƙirjina. A shekarun da abin ya faru ni magidanci ne a wani ƙauye tsakanin Anka da Bukkuyum, da damina ina noma, da rani ina bin 'yan'uwa farauta. Na yi karatun allo gwargwadon hali, kuma ni ke rubuta wa mutane wasiƙa da ajami, shi ya sa idan ana shawara a ƙofar mai unguwa maganata takan yi nauyin da ya fi ƙarfin sanina. Wannan nauyin ne ya cuce ni.

Ina da wani baƙin kare mai farin ƙirji, muna ce masa Duna. Ba don sha'awa na ajiye shi ba. Malamai sun ce an yarda da karen gona da na farauta, shi kuwa ya haɗa biyun. Wani dattijon Bafulatani da ke zaune da shanunsa a bayan gonata ne ya ba ni shi tun yana kwikwiyo. Shekara bakwai biri bai ɓare mini masara ba. Duna ya san iyakarsa, bai taɓa tsallaka zaure ba, wurinsa gindin bishiyar bedi da ke ƙofar gida. Inna, mahaifiyata, kullum tana mitar cewa zai kore mana mala'iku, amma ita ce ke kankare ƙanzo ta ajiye masa a kasko, idan an tambaye ta ta ce ai zubarwa za ta yi.

To, karnukan mafarauta sun yi yawa a ƙauyen, kuma ba duka ne masu ladabi ba. Suna lasar butocin alwala a bakin masallaci, suna bin awakin mata, ɗaya ma ya yaga zanen wata tsohuwa a hanyar rijiya. Aka fara samun karnuka a mace, wani ya sa musu guba a nama. Wasu kuma suka riƙa ɓacewa duk lokacin da baƙin masu sayen karnuka suka ratsa. Liman ya kira mu bayan sallar la'asar ya ce ko mu san yadda za mu yi da dabbobinmu, ko jama'a su san yadda za su yi da su. A nan ne na kawo shawarar a yi musu danga guda, babba, a bayan gari, wadda za su yi gudu su yi wasa a ciki, mai kare ya je ya ɗauki nasa idan zai tafi gona ko daji. Sarkin dawa, wato shugaban mafarautanmu, ya ce kai Malam, wannan ai sai mai karatu. Na ji daɗin maganar, Allah ya yafe mini.

Ni ne kuma na zaɓi wurin. Akwai wani fili a gabas da gari inda samari suka daɗe suna niƙa dutsen zinare da inji suna wankewa, kafin su koma kusa da ramukan haƙa. Ƙasar ta daddale kamar daɓen ɗaki, ko tsinke ba ya fita a kanta. A idona wannan tsabta ce. Na ce wa 'yan'uwa inda babu ciyawa babu kaska, babu maciji, kuma sharar kashi za ta yi sauƙi. A gefe guda ga ramin da suke wankin ƙasa, na ce da damina zai tara ruwa, an hutar da mu ɗebo. Kowa ya yarda. Muka sari ƙaya muka kafa itace, cikin kwana huɗu danga ta tsaya da ƙyaurenta.

Ba zan ɓoye alherin dangar ba, don ba ita ce mai laifi ba. Gari ya yi shiru. Butoci suka zauna lafiya, mata suka daina zaginmu, ba a sake sace kare ko sa masa guba ba. Da yamma mafarauta kan taru a bakin dangar ana hira ana kallon kwiyakwiyai suna koyon kokawa, har waɗanda ba sa ga maciji da juna suka fara gaisawa. Illar da muka gani da farko ita ce faɗa, don kare da ya saba da ƙofar gidansa ba ya son a haɗa masa kasko da wani, kuma ƙazuwar ɗaya takan bi sauran. Muka ce wannan mai sauƙi ne.

Duna kaɗai ya ƙi wurin. Ranar farko ya tsaya a bakin ƙyaure ya shinshina ƙasa, ya ja da baya, ya dube ni. Sai da na sa masa igiya na ja shi. Kullum haka muke yi. Idan na koma ɗaukarsa sai in tarar da shi kwance a jikin ƙyaure, hancinsa a waje ta tsakanin ƙaya. Abokai suna tsokanata wai karen Malam ya zama ɗan sarauta, ba ya zama da talakawa. Don kada a ce na kafa doka na cire kaina, na ƙara matsa masa.

Dattijon nan Bafulatani ya same ni a gona ya yi mini magana. Ya ce shanunsa idan sun zo daidai filin nan sukan kauce, kuma maruƙansa biyu da suka taɓa shan ruwan ramin ba su ga kaka ba. Ya ce ƙasar da ciyawa ta ƙi, shi bai ga dalilin da ɗan Adam zai so ta ba. Na mayar da abin wasan da muka saba, na ce Baffa, ku ai ko Aljanna aka kai ku sai kun tambayi inda ciyawa take. Ya yi dariya ya ce to Kaɗo, kai ne mai alƙalami, shi sanda kawai ya iya riƙewa. Ya kaɗa shanunsa ya wuce.

Da ruwa ya sauka ramin ya cika, karnuka suka riƙa sha, suna tona jiƙaƙƙiyar ƙasa suna lasar ƙafafunsu. Kafin gero ya yi bununi suka fara ramewa. Wata karya ta kama zagaye wuri guda tana karo da danga, ta faɗi tana shure-shure, kumfa na fita a bakinta. Washegari wasu biyu suka yi haka. Nan take magana ta cika gari cewa haukan kare ya shiga dangar mafarauta. Duk wanda ya taɓa ganin mutumin da mahaukacin kare ya ciza ya san irin tsoron da kalmar ke sawa. Aka taru da gorori. Sarkin dawa ya ce al'adarmu ita ce mai kare shi ke kashe abinsa, ba a bar wa wani.

A lokacin Duna ya daina gani. Jikinsa na rawa, yana tafiya yana tuntuɓe. Dattijon ya ratso cikin taron ya kama hannun rigata. Ya ce in duba da kyau, karen nan yanzu ya sha ruwa a gabanmu, shi kuwa bai taɓa ganin mahaukacin kare ya iya haɗiyar ruwa ba. Ya ce in ba shi Duna ya kai shi ruga ya ɗaure shi nesa da mutane, ya ba shi madara kwana uku, idan hauka ce za ta nuna kanta. Na ga Duna ya sha ruwan, da idona na gani. Amma jama'a na kallona, wani daga baya yana cewa Malam ne ya kawo danga, yanzu kuma zai fifita karensa a kan 'ya'yan mutane. Na zare rigata daga hannun dattijon.

Na shiga dangar na kira sunansa. Da ya ji muryata ya ɗago kai, ya nufo ni yana layi, yana kaɗa bindi. Ya zo ya ɗora haɓarsa a kan ƙafata kamar yadda yake yi idan mun huta a gindin kalgo. Na yi bisimilla na ɗaga gora. Ba zan rubuta sauran ba. Da na koma gida Inna ta ɗauki kaskonsa ta kife shi a bayan rumbu.

Bayan wasu watanni ƙananan yara suka fara ciwo a ƙauyenmu da na kusa, suna amai suna sanƙarewa, wasu idonsu ya daina gani. Matata ta dawo daga duba 'yar maƙwabta ta ce mini rawar jikin yarinyar irin ta Duna ce sak. Daga baya ma'aikatan lafiya suka zo da wata na'ura da suke ɗorawa a ƙasa, suka ce gubar dalma ce daga ƙurar dutsen zinare. Da suka auna cikin dangarmu suka sa aka hana kowa kusantarta. Na tambayi ɗayansu ko gubar tana kama kare. Ya ce ƙwarai, kuma sau da yawa dabba ce ke fara nunawa. Na tsaya a wurin har suka tafi. Karnukan nan sun faɗa mana abin da ke cikin ƙasarmu tun kafin ya kai ga yara, mu kuma muka amsa musu da gora.

An kwashe ƙasar filin an zuba sabuwa, yau ciyawa na fita a kai. Dattijon ya tashi da shanunsa tuntuni, ban samu na ce masa ya yi gaskiya ba. Ban sake ajiye kare ba. Tun muna yara aka karantar da mu labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare, ni da bakina na sha faɗa wa wasu, amma ban gane da ni ake ba. Ina neman gafarar Allah a kowace salla, kuma ina kyautata zato gare Shi. Sai dai har yanzu idan na zauna hutawa a gona nakan ji nauyi a kan ƙafar dama, daidai inda ya ɗora haɓarsa, sai na janye ta.

Ina jin yanzu a birane ma ana keɓe wa karnuka fili a zagaye shi. Ban ce kada a yi ba, na ga amfaninsa da idona. Amma duk wanda zai killace dabba ya sani ya karɓe mata zaɓi, abin da ta ci da abin da ta sha da ƙasar da ta kwanta a kai duk sun koma wuyansa. Ku tambayi abin da aka taɓa yi a filin kafin ku kafa itace na farko. Ku saurari makiyayi ko da bai san baƙi ko ɗaya ba. Kada tsoron bakin jama'a ya sa ku yanke hukuncin da kwana uku za su iya warwarewa. Idan kuma dabbarku ta tsaya a bakin ƙofa ta ƙi shiga, kada ku ja igiya. Ni na ja, Duna kuma ya bi ni don ya yarda da ni.